Jakar Cajin Orshi

Mata masu wanki ne suka fara ganin babur ɗin Babandi jingine a gindin gadar Rafin Ɗinya, makulli a jiki, buhun riɗi ɗaure a baya. Shi kansa sai da suka gangara cikin ciyawa suka tarar da shi kwance rub da ciki, an rotse masa ƙeya. Ba a ɗauki komai ba, har wayarsa tana cikin aljihu. Ranar kasuwar Assakio ce, bayan la'asar.

Kafin a kai gawar gida, mutanen Kwarin Ɗinya sun riga sun yanke hukunci. Ƙauyen bai fi gida arba'in ba, rabi Gwandara rabi Tibi, shekara talatin suna shan rijiya ɗaya, amma kowa ya tuna cewa Babandi, Bagwandare, da maƙwabcinsa Iortyer, ɗan Tibi, sun yi sa-in-sa a kan iyakar gona a farkon damina. Wanda ya fi kowa kuka shi ne Imrana, ɗan baffan mamacin, maraya da ya tashi a hannun Iyatu, mahaifiyar Babandi, tun yana rarrafe. Shi ne ya tare 'yan sanda a bakin masallaci.

"Ranka ya daɗe, ba sai kun wahala ba," in ji shi. "Ku bincika wayar Iortyer. Ai yanzu waya ba ta ƙarya. Ku haɗa ma da tawa, don kada a ce na yi son kai."

*

Lambobi uku aka kawo wa Mu'awiya a Lafia, a rubuce a bayan takarda: ta mamacin, ta Iortyer, ta Imrana.

Mu'awiya mai bin sawu ne, amma ba irin na mahaifinsa ba, wanda yake durƙusawa a jeji ya taɓa sawu da yatsa kafin ya buɗe baki. Shi nasa sawun a kwamfuta yake. Duk wayar da ke kunne tana gaisawa da eriyar da ta fi kusa da ita, eriyar kuma ba ta mantuwa. Aikinsa ke nan a wani sashen leƙen asiri na gwamnati, a ofishin da ba shi da allo a ƙofa, fankarsa ma sai an tura ta da tsintsiya take tashi. Maƙwabtansa sun ɗauka gyaran kwamfuta yake yi a sakatariya. Mahaifiyarsa kuwa in aka tambaye ta, takan ce "yana aikin gwamnati" da irin muryar da ake ba da labarin mara lafiya, don har yau ba ta yafe masa barin aikinsa a kamfanin sadarwa na Abuja ba, inda yake da mota da direba da albashin da ya ninka na yanzu sau huɗu.

Dalilin barinsa bai taɓa faɗa wa kowa ba. Shekara bakwai da suka wuce aka sace wani malamin firamare mai suna Ushahemba a hanyar Keana. Uban malamin, maƙwabcinsu ne a Lafia, ya kira Mu'awiya yana kuka. Mu'awiya ya buga lambar, ya ga eriyar da wayar take gaisawa da ita, ya ga dajin ƙarara a gabansa. Manaja ya ce ba a fitar da bayanin kowa sai da takardar hukuma, wanda ya fitar kuma ya bar aiki ya nufi kotu. Mu'awiya ya rufe kwamfuta ya tafi cin abinci. Takarda ta iso bayan kwana tara, wayar kuwa ta mutu tun rana ta shida, mai ita ma haka. Bai je jana'iza ba, kunya ta hana shi. Wata uku bayan nan ya ajiye makullin mota ya nemi aiki a wurin da ake sa hannu a takardar, don kada ya sake gani ya yi shiru.

Shi ya sa ba ya barin aiki ya kwana. Awa biyu ya yi a kan lambobin nan uku. Wayar Iortyer ta bar ƙauye da hantsi, ta tsaya a yankin gada daga sha biyu saura minti goma zuwa sha biyu da rabi, daidai lokacin da likita ya ce an kashe Babandi. Wayar Imrana ba ta motsa daga ƙauye ba, har ma ta kira Babandi da sha biyu da minti goma, aka yi magana ta kusan minti ɗaya. Ya rubuta, ya sa hannu, shugaban sashen ya dafa kafaɗarsa ya ce da ma a sami irinsa uku. Ranar ya ji daɗi ƙwarai, har tsire ya saya wa iyalinsa. Washegari aka kama Iortyer.

*

Kwana goma sha shida bayan haka ya je ofishin 'yan sanda don ya sa hannu a kwafin da za a kai kotu ranar Litinin. Yana fitowa tare da Sufeto Shima, mai riƙe da binciken, sai wata mace ta taso daga gindin dalbejiya da kwanon abinci ɗaure a ɗankwali.

"Matar Iortyer ce, Dooshima," in ji Sufeto a hankali. "Kullum tana nan. Kada ka kula ta."

Amma ta riga ta sha gabansu. "Oga, kai ne mai kwamfuta?"

Mu'awiya ya gyaɗa kai.

"Oga, abeg. Waya ya je gada, gaskiya ne. Maigida bai je ba. Yana gona tare da ni, muna yanka riɗi tun safe. Waya yana cikin jaka na Orshi."

"Wace jaka?"

Ta dube shi kamar ya tambaye ta ko ana dafa doya kafin a ci. "Jaka na caji mana. Wuta babu a garinmu, Oga. Rana na kasuwa kowa yana ba Orshi waya, ya kai Assakio a yi caji, ya dawo da shi da yamma. Shekara nawa muna yi haka."

Mu'awiya ya juya ga Sufeto. "An gaya muku wannan?"

"Shi mijin ya faɗa tun ranar farko. Kowa ai sai ya faɗi wani abu." Sufeto ya ɗaga kafaɗa. "Mun tambayi ɗan acaɓan, ya ce bai tuna wayar wa da wa ya ɗauka ba, kuma ya rantse bai tsaya a gada ba ko na minti ɗaya. Wayar kuwa ta tsaya minti arba'in, kai ka rubuta. To wa za mu yarda da shi, manomi ko kwamfuta?"

Dooshima ta ƙara matsowa. "Gwandara sun ce mu tashi daga garin kafin wata ya ƙare, Oga. Mu Tibi duka, har da yara."

Biron da zai sa hannu da shi yana aljihun rigarsa. Ya ce wa Sufeto ya manta wani abu a ofis, zai dawo.

*

Wannan karon bai nemi lamba uku ba. Ya nemi duk wayar da ta bar eriyar Kwarin Ɗinya a safiyar nan, abin da ba zai ci masa minti ashirin ba tun farko da ya ga dama.

Goma sha ɗaya ne. Sun tashi tare, sun tsaya a yankin gada tare, sun isa Assakio tare, suka kwanta a wuri ɗaya har la'asar. Ya koma kasuwar da ta gabata, haka. Ya koma wata shida baya, haka, har tsayawar minti arba'in ɗin ba ta taɓa fashi ba. Ko dai mutum goma sha ɗaya ne ke hawa babur ɗaya duk ranar kasuwa, ko kuma shi Mu'awiya, mai digiri biyu, ya kulle mutum saboda jaka.

Yana zaune a haka wayarsa ta yi ƙara. Terseer ne, abokinsa da suka fara aiki rana ɗaya a kamfani, wanda yanzu ya zama babba a can.

"Mutumina, har yanzu kana tura fanka da tsintsiya? Kujera ta buɗe a sashena. Ka zo kawai, ba sai an yi maka intabiyu ba. A nan in ka tashi ƙarfe biyar ka tashi, babu gawa, babu kuka."

"Zan kira ka," in ji Mu'awiya. Ya kashe wayar, ya daɗe yana kallon ta, don maganar ta yi masa daɗi fiye da yadda yake so.

Kafin ya rufe kwamfutar ya lura da abu guda. A duk kasuwannin baya, wayar Imrana tana cikin masu tafiya. Ranar da aka kashe Babandi ce kaɗai ta zauna a gida.

*

Orshi ya gudu Doma wurin ƙanwarsa tun ranar da 'yan sanda suka yi masa tambaya. Mu'awiya ya same shi a bayan gida yana wanke babur ɗin da babu ko ɗigon laka a jikinsa. Mutum ne mai kimanin shekara hamsin, gajere, da ƙaramin gicciye a wuya. Yana jin an ambaci gada sai soso ya faɗi daga hannunsa.

"Oga, ni ban kashe kowa ba! Na rantse da Allah!"

"Ban ce ka kashe ba. Na ce ka tsaya. Minti arba'in, kowace kasuwa, wata shida. Ka gaya wa 'yan sanda ba ka tsaya ba, kuma saboda wannan maganar za a kai Iortyer kotu jibi. Yanzu abin da ke gabana shi ne mutum ɗaya da na tabbata yana wurin, ya yi ƙarya, ya gudu. Kai ne."

Orshi ya zauna a kan bokiti. Ya dubi ƙofar gida, ya dubi sama, ya rage murya. "Oga, in na faɗa, zai kai coci?"

"Me zai kai coci?"

"Ni dattijo ne a coci. Na tsaya gaban mutane na ce na bar sha, shekara biyu ke nan. To akwai wata mata, Vera, a bayan gada kaɗan, inda hanya ya yi kwana. Burukutu nata..." Ya haɗiye yawu. "Ƙwarya biyu kawai, Oga. Wani lokaci uku."

Da a wani wuri ne da Mu'awiya ya yi dariya. Mutum yana kwance a bayan kanta kwana goma sha bakwai saboda ƙwarya biyu, wani lokaci uku. Amma bai ga bakin da zai zagi Orshi da shi ba, shi da ya taɓa rufe kwamfuta ya tafi cin abinci.

"Wayar Iortyer tana cikin jakarka ranar?"

"Yana ciki. Mai roba ja a jiki. Ni na karɓa da hannuna."

"Wa ya san kana tsayawa wurin Vera?"

"Ba kowa. Sai Imrana. Ya taɓa kama ni a can, ya yi dariya ya ce ba ruwansa."

"Ranar ya ba ka tasa wayar?"

"Na je ƙofa nasa na buga hon. Ya ce yau caji nasa bai ƙare ba. Na yi mamaki, don waya nasa batir ya lalace, kullum shi ne na farko a jaka."

Mu'awiya ya rubuta. Amma zargi daban, hujja daban. Mutum yana da ikon hana wayarsa, kuma kiran nan na sha biyu da minti goma yana nan daram: wani ya tsaya a Kwarin Ɗinya ya yi magana da Babandi ta wayar Imrana, tafiyar awa guda a ƙasa daga gada.

*

Ranar Lahadi da safe ya isa ƙauyen. A ɓangaren Tibi an fara ɗaure kaya, ya ga katifa a kan amalanke da tukwane jere a ƙofar wani gida. Riɗin Iortyer yana tsaye a gona ya bushe, 'ya'yan suna zuba a ƙasa.

Zuhra, matar mamacin, tana takaba, don haka ta bayan labule suka yi magana. Ya tambaye ta rigimar gonar.

"Ai ta ƙare tun kafin rasuwar," in ji ta. "Malam ya je ya tambayi tsofaffi, suka ce kunyoyi goma sha biyun da ake rigima a kansu na Iortyer ne, tun zamanin iyayensu. Ya ce in ya dawo daga kasuwa zai je gaban mai gari ya mayar. Har ya ce gara ya rasa kunyoyin da ya tashi da ƙasar wani a wuya ranar lahira."

"Wa yake noma kunyoyin?"

"Imrana."

"Kin gaya wa 'yan sanda?"

"Ba wanda ya tambaye ni. Ni kuma ina cikin ɗaki."

Ya tambaye ta ko Babandi yana da wanda ya saba kiransa ranar kasuwa. A karo na farko ya ji alamar murmushi a muryarta. Ta ce Inna mana, mahaifiyarsa. Duk ranar kasuwa sai ta kira shi wajen sha biyu ta tuna masa da man zafin gwiwarta, ko da kuwa ta faɗa masa sau uku da safe. Tata wayar tana jakar Orshi, don haka sai ta bi gida-gida ta ari ta wanda bai bayar ba. Malam har tsokanarta yake yi, ya ce ta fi agogo.

Mu'awiya ya buɗe takardar da ya zo da ita, jerin kiran da suka shiga wayar Babandi. Ya bi kasuwannin baya da yatsa: kowace kasuwa akwai kira ɗaya daga ƙauyen wajen sha biyu, yau daga wannan lamba, gobe daga waccan. Ya zo ranar ƙarshe. Kira ɗaya ne tak daga ƙauyen, kuma shi ne wanda ya wanke Imrana da shi.

Ya tarar da Iyatu a tsakar gida tana zaune a kan tabarma da carbi, ƙafafu a miƙe. Ya durƙusa ya yi mata gaisuwa da ta'aziyya. Ya ce, "Inna, ranar nan kin sami kiran Babandi kuwa?"

Carbin ya tsaya. Ba ta dube shi ba. "Na tsufa, ɗan nan. Ba na riƙe ranaku."

A daidai nan Imrana ya shigo da kwanon fura, ya ajiye a gabanta, ya gyara mata matashi a bayanta. Ta karɓa ba tare da ta kalli fuskarsa ba. Mu'awiya ya san wannan kawar da kan. Da shi ya yi shekara bakwai yana wuce ƙofar uban Ushahemba.

*

Bayan azahar mai gari ya tara mutane a gindin mangwaro, bisa roƙon Sufeto Shima, wanda ya zo yana ƙunƙuni da Orshi a bayan mota. Gwandara suka zauna a dama, Tibi a hagu, aka bar fili a tsakiya. An kawo wa Iyatu kujera. Imrana ya tsaya a bayanta, Dooshima kuma tana can gefe ita kaɗai.

Mu'awiya ya tashi. A aikinsu ba a son mutum ya nuna fuska, ya kuma san zai amsa tambaya a kan wannan in ya koma.

"Sunana Mu'awiya. Ni ne na rubuta takardar da ta sa aka kama Iortyer, kuma takardar kuskure ce. Na ga wayarsa a gada na ce shi ne. Ban zo na tambaye ku yadda kuke caji ba." Ya karɓi jakar daga hannun Orshi, tsohuwar jakar makaranta mai zif ɗaya, ya ɗaga ta. "Duk wanda wayarsa ta shiga jakar nan ranar da aka kashe Babandi, ya ɗaga hannu."

Hannuwa suka tashi a hankali, daga dama da hagu, har da na liman, har da na mai gari.

"To a lissafin da na yi, dukanku kuna gada a lokacin. Da lambar liman aka kawo mini, da shi ne a kulle yau."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Wasu suka sunkuyar da kai, don babu wanda bai san da jakar ba a cikinsu, kuma babu wanda ya taka zuwa Lafia ya faɗa.

Wani ya ɗaga murya daga dama. "To ai Orshi ne ke nan! Shi ya tsaya!"

Orshi ya miƙe, ya faɗi inda yake tsayawa da abin da yake sha, a gaban fasto da matarsa. Matar ta ce "Ehen!" da ƙarfi, wasu suka yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. Sufeto ya ce sun biya ta wurin Vera, ta tabbatar, da mutum huɗu da suka zauna benci ɗaya da shi.

Mu'awiya ya juya. "Malam Imrana, kai ba ka ɗaga hannu ba."

"Tawa tana wurina. Ina gida wuni guda, kai ma ka gani a na'urarka."

"Na gani. Har ka kira marigayi da sha biyu da minti goma."

"Na kira shi."

"Me ka ce masa?"

"Na ce ya... ya duba mini kuɗin taki a kasuwa."

"Taki, ana yankan riɗi?" in ji mai gari, yana juyowa.

"Na baɗi," in ji Imrana da sauri.

Mu'awiya bai bi ta kansa ba. Ya je gaban Iyatu ya durƙusa, ya yi magana yadda ita da na kusa kawai za su ji, amma wurin ya yi tsit har kowa ya ji.

"Inna, kowa a nan ya san ba kya fashin kiransa ranar kasuwa. Na tambayi gidaje, ba wanda ya ara miki waya ranar. Ba zan tilasta miki ba. Ni ma na taɓa sanin inda mutum yake na yi shiru, ina da dalilina mai kyau, mutumin ya mutu. Shekara bakwai ke nan, ban sake cin abinci ya yi mini daɗi yadda yake yi da ba. Gobe za a kai Iortyer kotu a kan kisan kai."

Imrana ya dafa kafaɗarta. "Inna ba ta da lafiya, a bar ta ta shiga ciki."

Ta sa hannu ta cire nasa daga kafaɗarta, a hankali, kamar mai cire ƙaya daga zane.

"Ni na kira," in ji ta. "Na shiga ɗakinsa ba ya nan, wayar tana kan tabarma. Na ce wa Babandi kada ya manta da man gwiwa. Ya yi dariya. Ya ce, Inna bari, ga Imrana nan ya tare ni a gada, in mun gama zan kira ki. Ɗaya ya tafi. Na ce in na buɗe baki, ɗayan ma ya tafi, wa zai rufe ni? Ni na goya shi. Da bakina na tauna masa abinci." Ta juya wajen Dooshima. "'Yar nan, kwana goma sha takwas ina ganin ki kina fita da kwano. Ki yafe mini in za ki iya."

Imrana bai gudu ba. Ya zauna a ƙasa inda yake, ya riƙe kai, yana cewa shekara goma yana zuba taki a kunyoyin nan, shi ba a taɓa tambayarsa komai ba a gidan, magana kawai ya je su yi. Sufeto ya tambaye shi, in magana ce, me ya sa ya bar wayarsa a gida ya kuma zaɓi gada, inda ya san jakar Orshi take tsayawa. Sannan ya sa masa ankwa.

*

Shugaban sashen ya ce ba sai an tona ba, a rubuta cewa sabon bayani ne ya fito. Mu'awiya ya rubuta rahoto na biyu, ya sa a layin farko cewa shi, mai rahoton, bai duba sauran wayoyin ba kuma bai je ƙauyen ba, ya sa hannu. Aka ba shi takardar gargaɗi a kan nuna fuska, ya karɓa ya sa a aljihu.

Ranar Talata aka saki Iortyer. Mu'awiya ya ari motar ofis ya ɗauke su shi da Dooshima. Dogon mutum ne, ya rame, yana karkata kai in ana magana don kunnensa na hagu ya daina ji tun daren farko a hannun 'yan sanda. Suka wuce Assakio suka nufi ƙauye. A bakin gonarsa ya ce a tsaya. Ya sauka, ya kama kan riɗi ɗaya ya girgiza, babu abin da ya zubo, duk ya riga ya zube.

Mu'awiya ya fito da leda mai lambar shaida, ya ciro wayar mai jan roba ya miƙa masa. "Baba, ka yafe mini. Laifina ne."

Iortyer ya dubi wayar, bai karɓa ba. "Madam ya ce kai ka rubuta, kai kuma ka zo ka ce ƙarya ne."

"Haka ne."

"Wanda ya mare ni bai zo ba." Ya juya kunnen dama. "Yafe ɗin, ba yau ba, Oga. Ka dawo wani lokaci ka tambaya. Waya kuma ka riƙe. Ban so abu a aljihu na wanda zai yi magana a kaina, ni ba a tambaye ni ba."

Suka bi ta cikin gonar suka nufi gida, Dooshima a gaba da kwanonta.

Yana cikin mota Terseer ya sake kira. "Ya ya, ka yanke shawara? Me kake samu a wurin nan ne, don Allah?"

Mu'awiya ya dubi bayan mutumin da ke tafiya a karkace cikin busasshen riɗi. "A wurinku, da na cuci mutum, ko jana'izarsa ban je ba, kuma ba wanda ya ce in je. A nan ni na kawo shi gida. Ya ce in dawo in tambaya."

"Ka tambayi me?"

"Ka ba wani kujerar, Terseer."

Ya sa wayar mai jan roba a aljihun jakar aikinsa, inda zai riƙa ganin ta duk lokacin da ya buɗe. Sannan ya sauke gilashi ya tambayi wata mata da ke wucewa da itace yaushe ne kasuwar Assakio ta gaba.